Kwana Ashirin da Bakwai a Kan Fatar Idon Malama

Lahadi, 2 ga wata, 4:10 na yamma

Mai Shari'a ta tafi. Motarta ta bar ƙofar gida ƙarfe huɗu saura minti shida, na duba. 'Yata ce ta fari, kuma tun tana 'yar shekara biyar na laƙaba mata wannan suna, don ba a taɓa tayar da magana a gidan nan ta kasa yanke hukunci ba. Yau ma ta yanke.

Ta kama haɓar uwarta, ta juya fuskar wajen taga, ta daɗe tana kallo. Fatar da ke kewaye da idon Malama, matata, ta bushe, tana saɓa fari-fari kamar dusa, sama da ƙasa har gefe. Ba wai ban gani ba, tun makon jiya na gani.

Ta ce, "Baba, dubi idon Mama. In wannan da ke fili ya fi ƙarfinka, wanda ba a gani fa?"

Na ce babu abin da ya fi ƙarfina.

Ta ce ta riga ta gyara ɗakin ƙasa a gidanta, an kawo gado mai ƙarfe a gefe, ga mai aiki. Za ta dawo ranar Asabar, ashirin da tara ga wata. In ta tarar da idon haka, da uwarta za ta koma. Tafiyar awa biyar ce tsakaninmu. Gadon na mutum ɗaya ne, ban tambaya ba, ita ce ta faɗa.

Malama tana zaune tana jin mu. Matar da ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare, wadda ake jin muryarta daga bakin titi, tun ranar Talatar nan da ciwo ya kayar da ita, wata biyu ke nan, kalma uku suka rage mata: to, a'a, da zo. Ba zan rubuta labarin ranar Talata a nan ba. Da aka ambaci ɗakin ƙasa ta ce "a'a" sarai, ni na ji, amma Mai Shari'a ta shagala da neman makullin mota a jaka.

Ban damu ba. Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo. Mutumin da ke ɗaura sukurun da bai kai ƙwayar riɗi ba, ba 'yar fata mai faɗin yatsa biyu za ta kayar da shi ba. Mai Shari'a ta bar mana wani man shafawa a 'yar kwalba mai murfin zinariya, ƙamshinsa har falo.

Litinin, 3 ga wata, 7:25 na safe

Na fara aiki. A sana'ata, in aka kawo agogo goma da suka tsaya, tara datti ne ya tsayar da su, saboda haka wanki ne maganin. Ruwa mai zafi-zafi, sabulu, sau uku a rana. Bayan wankin na maƙala gilashina na duba cikin agogo a ido, na ɗauko hantsakin da na dafa a tukunya, na tsince ɓawon ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da uku a dama, talatin da takwas a hagu. Malama ta zauna tsit kamar sabuwar ɗaliba. Na shafa man kwalba, wuri ya yi sumul. Da Mai Shari'a za ta leƙo yanzu, da ta nemi gafara.

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, za ta shigo ƙarfe takwas ta zauna da ita har ɗaya, kamar kullum. Rabin yini nake yi a shago yanzu, Asabar da Lahadi kuma ba na fita.

Laraba, 5 ga wata, 7:20 na safe

Ɓawon ya dawo, ya ma fi na da. Na mayar da wankin sau huɗu.

Alhamis, 6 ga wata, 1:40 na rana

Wurin ya yi ja. Ina jin dattin ne ke fita.

Juma'a, 7 ga wata, 5:05 na yamma

Da safe na doso Malama da kwanon ruwa, sai ta kau da kai ta ce, "A'a." Na zagayo ta ɗaya ɓangaren, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta tare fuska. Wata biyu ina yi mata wanka, ina sa mata kaya, ina ba ta abinci a baki, ba ta taɓa tare ni ba sai yau. Fatar ta kumbura, ta tsage a gefen idon dama. Na ajiye kwanon na tsaya kamar wanda aka kora daga aji.

Ban je shago ba. Na jira Sista ta sauko daga aikin safe. A saman bene take haya, ma'aikaciyar jinya ce, kuma agogon nan da take maƙalawa a ƙirji kai a ƙasa ni nake gyara mata shi shekara tara. Na ce ta zo ta ga wani ɗan abu.

Ta duba, ta tambayi abin da nake yi. Na zayyana mata tsarin duka, har da alfahari.

"Baba mai agogo, da me ka ce kake tsincewa?"

"Da hantsaki. Dafaffe."

Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zauna. Ta ce wa Malama, "Mama, ki yi haƙuri, ashe abin da kike sha ke nan a hannun injiniya." Wallahi gefen bakin Malama ya motsa. Su biyu suka haɗe mini kai.

Ta ce fatar ido ta fi kowace fata a jiki rashin kauri, kuma tana da ɗan maiƙonta da ke riƙe mata ruwa. Duk wankin da na yi da sabulu, maiƙon nake kwashewa, duk ɓawon da na tsince kuma, da ɗanyar fata yake tahowa. Ta shinshina man kwalba ta rufe shi da sauri, ta ce turaren da ke ciki kaɗai ya isa ya sa lafiyayyen ido hawaye.

Ga abin da ta ce, na rubuta a gabanta. Sau biyu a rana, ba ƙari. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda in ka ɗiga a bayan hannu ba ka jin zafi ba ka jin sanyi. Babu sabulu. Ƙyalle mai laushi, a jiƙa, a matse, a ɗora kan ido a rufe minti biyu, a ɗauke. Ba a gogawa, dangwalawa ake yi. Ɓawon da ya biyo ƙyalle ya biyo, wanda ya zauna a bar shi. Kafin fatar ta gama bushewa a shafa basilin marar ƙamshi, kwatankwacin ƙwayar shinkafa a kowane ido, da ƙaramin yatsa, kada ya shiga ciki. In kumburi ya ƙaru ko ya fara ruwa, ko cikin idon ya yi ja, asibiti za mu tafi.

Na ce, "Shi ke nan? Ai wannan ba aiki ba ne."

Ta ce, "Shi ya sa zai yi maka wuya."

Na ji kunya yau, kunya mai zafi. Amma ko a shago ba na ƙin a nuna mini kuskure, in dai mai nunawar ya san abin da yake faɗa.

Asabar, 8 ga wata, 7:30 na safe

Na nuna mata hannuna babu hantsaki, babu sabulu. Na ce, "Malama, ruwa ne kawai." Ta dube ni irin kallon da take wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Can ta ce, "To."

Minti biyu da ƙyalle a ido, ina kallon agogon bango. Da na ɗauke, ga wani ɓawo nan ya ɗago a saman gira, rabi a sake, yana kirana.  Na bar shi.

Lahadi, 9 ga wata, 2:15 na rana

Kumburi ya sauka. Ɓawon jiya ya faɗi da kansa a kan ƙyalle, ba wanda ya roƙe shi.

Akwai abin da ban rubuta ba tukuna, don ba irin abin da namiji mai shekara sittin da huɗu ke rubutawa ba ne. Tun da muka dawo daga asibiti, Malama ba ta barcin rana sai na zauna a bakin gado. Ina shigowa daga shago, na wanke hannu, na ba ta abinci, sai ta ce, "Zo." Ta kamo hannuna na dama da hannunta mai lafiya, ta ɗora shi a kan idanunta, tafin a ɓangare guda, yatsu a ɗayan. Haka za mu zauna har numfashinta ya daidaita, wani lokaci minti ashirin, wani lokaci arba'in. Da tana da lafiya, ko hannunta na riƙe a titi sai ta fizge ta ce mutane na kallo. Ban san abin da take gani ba in ta rufe ido ita kaɗai, kuma ba ta da kalmar da za ta gaya mini.

Wannan ne Mai Shari'a ba ta sani ba. Mai aiki ba za ta iya shi ba.

Litinin, 10 ga wata, 7:35 na safe

Kyau sosai. Ja ya koma ruwan hoda, ɓawo kaɗan. Na faɗa tun farko, kwana goma sun ishe ni.

Talata, 11 ga wata, 6:00 na yamma

Mai Shari'a ta kira ta bidiyo. Na zaunar da Malama ta ba taga baya, yadda hasken zai tsaya a bayanta.

"Baba, ban ga komai ba, duhu."

"Wayar ce, ta tsufa."

"Kana shafa mata man da na bari?"

Na ce man yana nan a wuri mai kyau. Ban yi ƙarya ba, yana saman kabad.

Ta ce ɗakin an yi masa fenti. Na ce Allah ya sa alheri, baƙi za su ji daɗinsa.

Alhamis, 13 ga wata, 7:30 na safe

Ya dawo. Ba kamar na makon jiya ba, amma ya dawo: bushewa, ɓawo, kuma tana kai hannu tana sosawa. Ban canza komai ba. Ruwan ɗaya, ƙyallen ɗaya, mintin ɗaya.

Sista ta leƙo kafin ta fita. Ta ce in fata ta lafa ta sake tashi alhali ana bi da ita a hankali, sau da yawa wani abu ne ke taɓa ta wanda ba ta so. A nemo shi. Wannan kuwa fagena ne. In agogo yana tsayawa ba a san dalili ba, ba a kwance shi gaba ɗaya, abu ɗaya ake cirewa a gani, sannan na gaba.

Yau na canza rigar matashi, na wanke ta da ruwa zalla.

Juma'a, 14 ga wata, 1:50 na rana

Na canza tawul da sabulun wankin kaya. Na kuma yi wa Maman 'yan biyu maganar turarenta, cikin ladabi a ganina.

Ta ce, "Baban Mai Shari'a, wata biyu ina zaman gidan nan, yau ni ce cutar?"

Na ce ban ce ita ce ba, gwaji nake yi. Ta ce in gwada a kan kaina. Ta fita ba sallama, bayan minti goma ta dawo ta ɗauki saƙarta da ta manta, ta ce Litinin za ta zo ba turare, amma don Malama, ba don ni ba. Mutuniyar kirki ce, bakinta ne kawai ba birki.

Idon yana nan yadda yake. Saura kwana goma sha biyar, kuma sun isa.

Lahadi, 16 ga wata, 4:30 na yamma

Ya lafa kuma. Rigar matashi ce, ko tawul, ko sabulun wanki. Na yi kuskuren canza biyu rana ɗaya, abin da ba zan taɓa yi wa agogon mutane ba.

Litinin, 17 ga wata, 7:50 na safe

Na zauna na karanta littafin nan daga farko. Litinin kyau, Alhamis ɓaci, Litinin kyau. Turaren maƙwabciya na iya zama, tun da ita ma ba ta zuwa Asabar da Lahadi. Sai na ɗauko gilashina na duba fatar da kyau, duba kawai, ban taɓa ba. Bushewar ba ko'ina take daidai ba. A ɓangare guda shimfiɗe take da faɗi. A ɗaya ɓangaren, wajen gefen ido, tabo huɗu ne a jere, ƙanana, kusa da juna.

Ba zan je shago yau ba.

Litinin, 3:20 na yamma

Da ta yi barci na ɗaga hannuna a hankali na duba inda kowane yatsa ya kwanta. Huɗu ne, a kan huɗun nan.

Talata, 18 ga wata, 5:40 na yamma

Na nuna wa Sista littafin, na nuna mata tabon, sannan na miƙa mata hannuna. Ta juya shi a ƙarƙashin fitila. Ban taɓa kallon hannun nan a matsayin abin dubawa ba. Kan yatsun duk tsaga ne ƙanana, cikinsu baƙi, ƙarƙashin farce ma haka. Farin fetur ɗin da nake wanke inji da shi, man agogo, da garin ƙarfen da ke tashi in ina goge murfi, shekara arba'in da ɗaya suna shiga.

Na ce, "Ai ina wankewa kafin in taɓa ta."

Ta ce wanki na cire na sama, na cikin tsaga sai a hankali, kuma hannu in ya yi minti talatin a kan fata yana gumi. Ta ce ba za ta rantse ba, likitan fata ne ke da gwajin da zai tabbatar, kuma layinsa ya kai wata biyu. "Amma Baba, littafinka ya fi ni baki. Ka huta kwana kaɗan mu gani."

Na liƙa takarda a ƙofar shago cewa ana gyaran rufi. Na je wa Maman 'yan biyu da ban haƙuri, na ce ta dawo da turarenta. Ta ce ai dama ta sani.

Ba na jin komai game da wannan. Gwaji ne.

Alhamis, 20 ga wata, 7:30 na safe

Kwana shida rabona da taɓa agogo. Fatar ta kwanta lumui, ba ɓawo ko ɗaya, sai ɗan duhu inda ta tsage. Na kai wa Malama madubi, ta daɗe tana kallo, ta ce, "To." Irin "to" ɗin da take ba wanda ya ci tara cikin goma.

Na yi murna. Na kuma san abin da warkewar take nufi.

Amma akwai dabara, ba a rasa dabara. Sista ta ba ni safar hannu ta asibiti.

Juma'a, 21 ga wata, 4:45 na yamma

Na buɗe shago ƙarfe takwas da kwata, da safar hannu. Cikin rabin awa sukuru biyu sun tsalle mini, ɗaya har yanzu ban gan shi ba. Ba da ido ake wannan aiki ba, da fatar yatsa ake jin lokacin da sukuru ya zauna, kuma roba ba ta ji. Na huda ɗaya da hantsaki, na sa wata, ita ma ta yage. Ƙarfe tara na cire su na yi aikina kamar mutum. Agogo uku na tayar kafin ƙarfe ɗaya, har da wani tsoho na aljihu da ya gagari mutum biyu kafin a kawo mini. Rabona da jin daɗi irin wannan an kwana biyu.

A gida na wanke hannu sau uku, da buroshi, har fatar ta yi zafi. Ta ce, "Zo." Na shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a idonta zan ɗora hannu a kai, ta janye ƙyallen ta yar. Na naɗe hannun da shi, ta ce, "A'a." Na hagu ma ba mafita ba ne, da shi nake riƙe inji. Sai na zauna na harɗe hannuwana na ce yau ta gwada barci haka nan, ina nan kusa.

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta yi barci ba. Kafaɗarta nake kallo, kuma na san abin da kafaɗa ke yi in mutum yana kukan da ba sauti. Na jure minti goma sha ɗaya. Daga nan na ba ta hannun.

Asabar, 22 ga wata, 7:30 na safe

Babu komai tukuna. Wataƙila buroshin ya yi aiki.

Lahadi, 23 ga wata, 7:30 na safe

Huɗu a jere.

Lahadi, 5:15 na yamma

Ruwan ɗumi, ƙyalle, minti biyu, dangwalawa, ƙwayar shinkafa. Hannuna ya iya shi yanzu ko ido a rufe. Na lura in na fara da idon hagu ta fi sakin jiki, kuma tana son in riƙa ƙirga daƙiƙun da ƙarfi, leɓenta na bi na. Yau a sittin da bakwai na tsallake zuwa sittin da tara da gangan, ta buɗe ido ɗaya a ƙarƙashin ƙyallen ta ce, "A'a." Malama tana nan ciki, ba inda ta je.

Saura kwana shida. Na yi tunanin in huta har Asabar, Mai Shari'a ta zo ta gani ta tafi, in koma shago ranar Litinin. Zan iya, ba wanda zai sani. Sai dai ranar Alhamis ta sama idon zai sake tsagewa, kuma ba a fuskar Mai Shari'a zai tsage ba.

Litinin, 24 ga wata, 12:40 na rana

Na je shago. Agogo goma sha ɗaya ne a akwatin jira. Na sa safar hannu, tun da wannan aikin ba ya bukatar ji, na zuba kowanne a ambulan na rubuta sunan mai shi. Na buga musu waya ɗaya bayan ɗaya su karɓa a wurin mai shagon ɗinki na kusa. Wani dattijo ya ce, "To wa zai gyara mini?" Na ce Allah zai kawo.

Na naɗe hantsakai da sukundirebobi a fatar da nake ajiye su, na ɗaure. Na zubar da sauran fetur. Na cire takardar gyaran rufi, ban liƙa wata ba. Agogon bango na shago na bar shi yana tafiya, zai kai Juma'a kafin ya tsaya.

Ya yi mini ciwo. Ba zan ce bai yi ba. Na tsaya a bakin titi da makulli a hannu, na rasa ko dama ake bi zuwa gida ko hagu, hanyar da na bi shekara arba'in da ɗaya. Amma ban yi kuskure ba, kuma ba na bukatar kowa ya gaya mini haka.

Laraba, 26 ga wata, 7:30 na safe

Tabon na dusashewa. Ni ma Sista ta sa ni shafa basilin a yatsu safe da yamma don tsagar ta rufe. Kwalba ɗaya muke amfani da ita ni da Malama.

Alhamis, 27 ga wata, 10:20 na safe

Ban san safiya tana da tsawo haka ba. Na gyara marfin tukunya, na gyara ƙafar kujera, Maman 'yan biyu ta ce in na taɓa keken ɗinkinta za ta kira 'yan sanda.

Juma'a, 28 ga wata, 5:30 na yamma

Sumul. Gobe ta zo.

Asabar, 29 ga wata, 4:50 na yamma

Ta iso sha ɗaya da minti ashirin. Ko ruwa ba ta sha ba ta kama haɓar uwarta ta juya ta wajen taga. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon silin kamar ba ruwana. Ta duba dama, ta duba hagu, ta sa uwarta ta rufe ido ta sake dubawa.

"Baba, me ka sa mata?"

"Ruwa da basilin."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba kowa ke iyawa ba."

Ta durƙusa a gaban kujerar ta ce, "Mama, za ki bi ni?" Malama ta ce, "A'a." Wannan karon ba jaka a hannun Mai Shari'a, ta ji. Sai ta ce za ta riƙa zuwa duk ƙarshen wata, kuma in ta ga ko ƙwarzane za a sake zama. Na ce kotu na da iko.

Mun ci abinci, uwarta ta yi barci, ƙarfe huɗu na raka ta mota. Har ta buɗe ƙofa sai ta ce ta kusa mantawa. Ta kwance agogon hannunta, irin na da ne marar batir, ta miƙo mini. Ta ce minti goma yake bari a baya kullum, in duba mata kafin zuwanta na gaba.

Na mayar da hannuwana baya. Na ce ta kai wa mai shagon bakin tasha.

Ta yi dariya. "Wanda kake cewa da guduma yake gyara?"

"Ya gyaru yanzu."

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi tagar ɗakin uwarta. Ta zagayo ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga farcen fari tas, abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Na gaya mata a taƙaice, cikin jimla uku, ba tare da na kalle ta ba.

"Yaushe, Baba?"

"Litinin."

"Har abada?"

Na ce ba ni na san abada ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni kuwa ba na son wannan a bakin titi, sai na ce, "Kawo shi nan, sa mini a kunne. Ke za ki riƙe."

Ta ɗora mini shi a kunne. Na saurara. Na ce mai ne ya bushe, ba wani abu ba, ta gaya wa mutumin ya wanke ya sa mai kawai, kada ya kuskura ya taɓa sifirin, 'yar wayar nan da ke naɗe a ciki. Ta ce to.

Tun daƙiƙa goma na farko na gane ciwon. Ta riƙe shi a kunnena ya fi minti biyu. Ban ce ta sauke ba, ita ma ba ta sauke ba.